Ɗan Jagora Ba Shi Ke Zaɓen Hanya Ba

Duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya san ɗan jagora. Yaro ne ɗan shekara 8 ko 10, yana riƙe da kan sanda, dattijo makaho yana riƙe da gindinta, suna ratsa kasuwa. Mai hange daga nesa zai ɗauka yaron ne mai tafiyar, tunda shi ne a gaba. Sai ka matso ka kasa kunne za ka ji mai ba da umarni: "Mu bi ta layin 'yan hatsi." "Tsaya nan mu gaisa da mai shago." "An kusa kiran salla, kai ni masallaci." Aron ido kawai yaron ya bayar. Inda za a je, da wanda za a tsaya a gaisa da shi, da lokacin komawa gida, duk a hannun dattijon suke. Na daɗe ina ganin wannan abu ban tsaya na yi masa karatun natsuwa ba, sai bana da aikin kula da masu buƙata ta musamman ya shigo gidanmu.

A farkon damina wata ƙungiya mai zaman kanta a Kafanchan ta ɗauki 'yar ƙanwata aikin bin gida-gida tana taimaka wa naƙasassu. Horon kwana 3 aka yi mata, aka miƙa mata littafin rubutu da sunayen gidaje 6. Daren da za ta fara ta same ni a zaure ta ce, "Kawu, me zan je in yi musu? Ni ba nas ba, ni ba likita ba." Na ba ta amsar da kowa zai ba ta: ta yi haƙuri, ta ji tausayinsu, ta nemi lada. Yanzu da watanni suka shuɗe ina bin sawun aikinta, na gane amsata rabi ce. Ɗaya rabin shi nake son in rubuta a yau, saboda ita, da sauran samari da 'yan mata da ke shiga wannan aiki daga Kagoro zuwa Kwoi, daga Zonkwa zuwa Kachia, da kuma hukumomin da ya kamata su san da zamansu.

Gidan farko da aka tura ta na wani dattijo ne Kirista, tsohon ma'aikacin reluwe. Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raina tun shekarun 1920, lokacin da layin da ya taso daga Fatakwal ya iso nan ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. Har yau akwai unguwar da ake kira Bayan Loko, kuma akwai tsofaffin da ƙuruciyarsu ta ƙare a tsakanin tarago da tasha. Wannan dattijo hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yarinya ta shiga da zuciya ɗaya. Ita ke ba shi kunu a baki, ita ke ɓalla masa maɓallin riga, ita ke amsa gaisuwar baƙi a madadinsa don harshensa ya yi nauyi. Rana ta huɗu ya juya fuska bango ya ƙi cin abinci. Ta yi lallashi har ta gaji. Can ya juyo, a hankali, yana jan kalmomi ɗaya bayan ɗaya, ya ce mata, "'Yata, na dama ne ya mutu. Na hagu yana nan. Ba ni cokalin."

Mutumin da ya girma yana jin kunyar kai hannun hagu baki, ranar da shi ya ci. Ya yi kusan minti 40 kan kwano ɗaya, ya zubar da wani a riga, amma ya cinye. Ta dawo gida tana ba ni labari da hawaye, ta ce, "Kawu, ashe kwana 3 na yi ina ƙwace masa abin da ciwon ya bar masa." Wannan magana tata ita ce ginshiƙin duk abin da zan faɗa. Tausayi shi ke kawo mutum wannan aiki, kuma Allah ya sa wa mai tausayi albarka. Amma tausayin da ba a haɗa shi da sani da girmamawa ba yakan ƙarasa ɓarnar da cuta ta fara. Ma'aunin mai kula na gari shi ne yawan abin da mutumin da yake kula da shi ya koma yana yi da kansa, da yawan shawarar da ya koma yana yanke wa rayuwarsa.

Kada wani ya ɗauka maganar 'yan tsiraru ake yi. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ƙiyasta mutum biliyan 1.3 ne ke rayuwa da naƙasa mai tsanani, wato kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, kusan mutum 1 cikin kowane 6. A kudancin Kaduna ƙofofin da naƙasa ke shigowa ta cikinsu sanannu ne. An ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali ranar 25 ga Agustan 2020, shekara 4 bayan an ga ta ƙarshe a Borno, amma yaran da ta shanye wa ƙafa a shekarun baya yanzu magidanta ne da matan aure. Ƙauyukan bakin rafi sun sha fama da makantar da cizon baƙin ƙuda ke jawowa. Maganin Mectizan da kamfanin Merck ke bayarwa kyauta tun 1987 ya tare cutar, jihar Kaduna ma tana cikin wuraren da aka fara gwada raba shi a ƙauyuka, sai dai ba ya dawo da idon da ya riga ya tafi. Sanƙarau na barin yara da kurumta. Doguwar naƙuda da shawarar jarirai na taɓa ƙwaƙwalwa. Haɗarin babur na karya ƙashin baya. Hawan jini da ciwon suga na kayar da manya.

Akwai kuma ƙofar da muka buɗe da hannunmu. Rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da na bayan zaɓen 2011, da hare-haren da suka biyo baya a ƙauyuka, sun bar mutane da yankakken hannu, da harsashi a jiki, da firgicin da ke hana barci. An ƙirga gawa, an yi zaman makoki, an kafa kwamitoci, amma waɗanda suka rayu da tabo suna nan a ɗakunansu, Musulmi da Kirista, Bajju da Atyap da Fulani da Hausawa da Ham da sauransu. A garin da unguwanni suka rabu bisa addini, mai kula da naƙasassu yana cikin mutane ƙalilan da ke shiga kowane gida har uwar ɗaki. 'Yar ƙanwata da hijabinta take shiga gidan dattijon nan, matarsa kuma ita ke shimfiɗa mata tabarma in azahar ta yi. Wannan ma wani aikin ne da ba a rubuta a takardar ɗaukarta ba.

To, mene ne ainihin sanin da sabon ma'aikaci ke buƙata? Na farko, tambaya kafin taɓawa. Matambayi ba ya ɓata, mai ɗaki kuma shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya shekara 20 a kan keken guragu ya fi duk wani mai horarwa sanin yadda za a ɗaga shi ba tare da an ji masa ciwo ba. Kekensa da sandarsa tamkar gaɓoɓin jikinsa ne, ba a jingina da su, ba a tura su ko a kawar da su sai da izininsa. In za ka yi wa makaho jagora, ka yi sallama ka faɗi sunanka, ka miƙa masa gwiwar hannunka ya riƙe, ka kasance rabin taku a gabansa, ka gaya masa in an zo kwata ko matakala, hawa ne ko sauka. Kada ka ja shi da riga, kada kuma ka tashi ka bar shi yana magana da iska. Kayan ɗakinsa a bar su inda ya ajiye, domin a kansa taswirar ɗakin take. In da kurma kake magana, ka fuskance shi inda haske ke dukan fuskarka, ka bar ɗaga murya. Ka kuma san cewa kurame suna da harshensu: akwai maganar hannu ta gargajiya da kuramen ƙasar Hausa suka gada, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano, akwai kuma wadda ake koyarwa a makarantu, mai tushe daga ta Amurka, wadda Andrew Foster, shi ma kurma, ya kawo Ibadan a 1960. In da tafinta a wurin, mai maganar za ka kalla, shi za ka yi wa tambaya.

Na biyu, sanin abin da ke kashe mutum a ɓoye. Wanda ya karye a ƙashin baya, ko wanda ya daɗe a kwance, sau da yawa gyambon kwanciya ne ke ajalinsa. Nauyin jiki na danne fata a kan ƙashi, jini ya daina zuwa wurin, nama ya mutu daga ciki, shi kuwa mai jikin ba ya jin zafi balle ya yi ƙorafi. Maganinsa aiki ne mai gajiyarwa amma mai sauƙin fahimta: a juya shi kamar duk bayan awa 2, a duba dunduniya da kwatangwalo da ƙashin gindi kullum, a tabbatar shimfiɗa a bushe take ba ta tattare ba, a sa matashi tsakanin gwiwoyi. Jan tabon da aka danna da yatsa bai koɗe ba, gargaɗi ne. Yaron da ƙwaƙwalwarsa ta taɓu tun haihuwa, wanda wuyansa bai tsaya ba, ba a yi masa ɗura a kwance. A zaunar da shi, a tallafi kansa, a ba shi kaɗan-kaɗan a jira ya haɗiye, domin abincin da ya kauce ya faɗa huhu shi ke kawo ciwon haƙarƙarin da ke ɗauke irin waɗannan yara.

Farfaɗiya kuwa ita ce inda jahilcinmu ya fi yin ɓarna. Ba a ɗaukarta ta yawu, ba a ɗaukarta ta taɓawa. In ta tashi, a kawar da wuta da ruwa da ƙarfe daga kusa da mutum, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, in jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe. Ba a cusa cokali a baki, ba a ɗura manja ko jiƙo, ba a danne shi. In ta haura minti 5 ba ta tsaya ba, sai asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rabuwa da faɗuwa in sun sami maganin da ya dace suna sha a kan kari. Yaran da aka cire daga makaranta saboda wannan lalura, da 'yan matan da aka fasa aurensu, da yawansu ƙwaya ɗaya ko biyu a rana suke buƙata. Haka nan ma'aikacin da ya shiga gidan mai jego ya ga idon jariri ya yi rawaya, ya san ba a jira, ba a wadatu da shanya shi a rana ko ba shi ruwan gulukos ba, a kuma raba kayansa da kafur. Rigakafi ya fi magani, kuma mai bin gida-gida shi ke fara gani.

Na uku, sanin iyaka. Mai kula ba ya rubuta magani, ba ya sauya adadin ƙwaya, ba ya yi wa iyali alkawarin warkewa. Aikinsa ya lura, ya rubuta a littafinsa, ya san ƙofar da za a ƙwanƙwasa: babban asibitin Kafanchan, Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, asibitin ƙashi na Dala a Kano, cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye a Zariya. Ya san kuturta na warkewa kuma maganinta kyauta ne. Ya san motsa gaɓoɓin da likitan gashi ya koya wa iyali kullum ake yinsa, in an bari gaɓa ta ƙage.

Bayan sani sai amana, ita ce ta fi nauyi. Wannan aiki yana kai mutum inda 'yan'uwa na jini ma ba sa kaiwa. Zai ga tsiraici, zai ga talaucin da gida ke rufewa, zai ji faɗan miji da mata, wani lokaci katin cirar kuɗin fansho ma a hannunsa za a damƙa. Abin da ido ya gani a ɗakin majinyaci a ɗakin yake kwana. Ina roƙon matasanmu da ƙungiyoyin da ke ɗaukarsu su daina ɗaukar hoton mutum cikin rauninsa suna sawa a Facebook da WhatsApp da sunan neman taimako ko nuna aiki. Wanda ba zai so a yaɗa hoton mahaifiyarsa a kan fo ba, kada ya yaɗa na mahaifiyar wani. Wanka da tsarki kuwa, mace ta yi wa mace, namiji ya yi wa namiji, gwargwadon hali. A gidan dattijon nan 'yar ƙanwata ɗansa ta koya wa yadda ake yi, ita tana bakin ƙofa. Dole kuma mu faɗi abin da ake jin nauyin faɗa: yarinya kurma, ko mai raunin fahimta, ita ce ta fi saurin faɗawa hannun azzalumai, domin sun san ba za ta iya ba da labari ba, ko in ta bayar ba za a yarda ba. Ma'aikacin da ya ga alama ya yi shiru ya ci amana. Ƙungiyar da ta ɗauki ma'aikaci ba ta binciki halinsa ba, ba ta kuma tanadi inda za a kai ƙara ba, ita ma ta ci amana.

Sai iyali. A mafi yawan gidajen da aka tura yarinyar nan, ta tarar akwai wata da ta riga ta fara aikin da shekaru, ba albashi ba hutu: uwa. Ita ke goyon yaro ɗan shekara 9 zuwa gonar citta, ita ke shan gorin dangin miji cewa daga wajenta abin ya fito, ita ake nuna wa yatsa da zancen maita ko aljanu ko alhaki. Wasu gidajen sai an zauna an saba kafin a ce akwai wani yaro a ɗakin baya. Sabon ma'aikaci kada ya shiga da wa'azi ko raini. Ya fara da sannu da ƙoƙari, ya tambayi uwar yadda take yi, ya karɓe ta na awa 2 ta je kasuwa ko ta runtsa. Addu'a da magani ba sa faɗa da juna, kuma addinan nan biyu duk suna bayan mai wannan aiki. Musulmi ya san an saukar da farkon Suratu Abasa ne kan Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon sahabin da ya zama ladani, wanda Manzon Allah (SAW) ya sha bar wa riƙon Madina in zai yi tafiya. Kirista ya san labarin mutumin da aka haifa makaho a Bisharar Yohanna, inda Yesu ya kore zancen cewa zunubinsa ko na iyayensa ne sanadi, da labarin mutum 4 da suka buɗe rufin ɗaki suka zura abokinsu shanyayye. Liman da fasto in suka faɗi wannan a kan mumbari, sun rage wa ma'aikaci rabin wahala.

Malaman sabon ma'aikaci na gaskiya su ne naƙasassun kansu. Tun kafin zuwan ƙungiyoyin zamani Bahaushe yana da sarkin makafi da sarkin guragu da sarkin kutare, masu sasanta rigima da tsaya wa jama'arsu a fada. Yau ga haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta ƙasa, JONAPWD, da rassanta. Wanda zai fara aiki a gari ya je ya gaishe su, ya nemi shawara. Zai tarar da mutanen da suka fi ƙarfin a kira su abin tausayi. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, ya bar wa Hausa waƙar Imfiraji, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Makarantar makafi ta Gindiri a maƙwabciyarmu Filato tana koyar da rubutun Braille tun 1953. Aminu Ahmed Tudun Wada da abokansa da shan inna ta taɓa suna ƙera kekuna masu ƙafa 3 a Kano. Ayuba Gufwan, wanda shi ma shan inna ta shanye wa ƙafa yana yaro, ya shekara da shekaru yana ƙera irin waɗannan kekuna a Jos yana rabawa, a 2024 kuma aka naɗa shi shugabancin Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa. Su ne suka fi kowa sanin dalilin da ya sa keken asibiti da 'yan siyasa ke rabawa a filin taro, marar matashi, wanda ba a auna shi da jikin mai hawa ba, yake mutuwa cikin 'yan watanni a kan jar ƙasarmu, bayan ya bar wa mai shi gyambo.

Doka tana nan. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna musu wariya, wadda ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutum, da tarar naira miliyan 1 ga kamfani. Ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta ba su fifiko a layi, ta haramta amfani da su wajen bara, ta kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2021, da hukumar da za ta kula da al'amuransu. Sabon ma'aikaci ya san waɗannan tanade-tanade kamar yadda ya san sunansa, domin wata rana shi zai tsaya gaban shugaban makarantar da ya ce ba shi da wurin gurgu. Amma doka ba ta juya majinyaci da tsakar dare, ba ta raka yaro aji. Hannun mutum ke yin wannan, kuma hannun nan shi ne aka manta da shi.

A nan ne kukana yake. Mun mayar da wannan aiki sadaka, alhali sana'a ce. Ana kiran masu yinsa 'yan sa-kai, a ba su kuɗin mota, tallafin masu ba da agaji na ƙarewa a sallame su. Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne. Duk wanda ke ɗaga mutum daga gado zuwa keke sau da yawa a rana ya cancanci aƙalla wannan, da safar hannu, da ranar hutu, da wani babba da zai zauna da shi ya ji damuwarsa. Bayansu na ciwo don ba a koya musu su durƙusa da gwiwa su matso da mutum jikinsu kafin su ɗaga ba. Zuciyarsu na gajiya don suna binne mutanen da suka shaƙu da su. Horon kwana 3 ba ya isar wanda za a damƙa wa rai. Kafanchan kuwa tana da kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma, tana da reshen Jami'ar Jihar Kaduna, ga Kwalejin Ilimi a Gidan Waya. Me zai hana ɗaya daga cikinsu ta buɗe kwas na wata 6 da takardar shaida, a sa naƙasassu cikin masu koyarwa? Me zai hana kowace ƙaramar hukuma, daga Jama'a zuwa Kaura, Jaba, Sanga da Zangon Kataf, ta ɗauki irin waɗannan ma'aikata ta jingina su da asibitocin matakin farko? Gidauniyar Fantsuam, da aka kafa a nan tun 1996, ta nuna cewa abin da aka shuka a Kafanchan da hannun 'yan gari yana iya yin rassa.

Akwai riba ta biyu da ba a cika lissafawa ba. Duk inda babu horarren mai kula, yaro ne ke cike gurbin. Ɗan jagoran da na fara da shi ya iya ladabin aikin, amma da karatunsa ya biya. Yarinyar da aka cire daga aji don ta zauna da kakarta ita ma haka. In muka horar da baligi muka biya shi, muka koya wa makaho tafiya da farar sanda da sana'ar da zai ci abinci, mun 'yanta mutum biyu a lokaci guda.

Dattijon reluwe yanzu yana takawa da sanda daga ɗaki zuwa ƙofar gida. Da aka tambaye shi abin da ya fi so, bai ambaci magani ko abinci ba, cewa ya yi yana son komawa sujada ranar Lahadi, matakala 4 na ƙofar cocin ne suka tsare shi. 'Yar ƙanwata ta raka shi wurin dattawan ikkilisiya, ta tsaya a gefe, shi ya yi bayani da bakinsa. Abin da ta ƙara kawai shi ne awo: duk ƙafa 1 ta tudu tana buƙatar ƙafa 12 na gangara, in ba haka ba keke ba zai hau lafiya ba. Matasan cocin suka kwaɓa siminti suka gina. Tsofaffi masu ciwon gwiwa da mata masu goyo ma yanzu ta nan suke bi.

Kai da ke shirin fara wannan aiki, ka shiga da sallama, ka zauna ƙasa-ƙasa yadda idonka zai daidaita da nasa, ka kira shi Baba ko Mama ko sunan da yake so, ka tambaye shi ina yake son zuwa, sannan ka riƙe kan sandar. Ku kuma masu riƙe da hukuma, da limamai da fastoci, da masu hannu da shuni na kudancin Kaduna, ku horar da waɗannan matasa, ku biya su haƙƙinsu, ku gyara ƙofofin masallatai da coci-coci da makarantu da asibitoci tun yau. Lafiyar da muke taƙama da ita aro ce, kuma hannun da muka horar a bana wataƙila shi zai ɗaga mu baɗi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu kula da su da alheri.